Doguwar Fitila Ba Cok Ba Sitata

A gidan da na tashi a birnin Kano, doguwar fitila tun da sauran rana ake kunna ta. Da an idar da la'asar, rana ta fara sanyi, Hajiya za ta ɗaga murya daga kicin ta ce wani ya je ya kunna ta falo da ta tsakar gida. Baƙo sai ya ɗauka almubazzaranci ne, ga hasken Allah a waje ana ƙona wuta. Mu mun san dalili. Da magariba ta kawo kai, kowa ya koma gida ya kunna fanka da talabijin da dutsen guga, sai ƙarfin wutar unguwa ya faɗi. Fitilar da ba ta riga ta kama ba kuwa shi ke nan, sai dai ta kwana tana ƙyafce-ƙyafce, bakunanta biyu sun yi jajir, sitata na ta ƙas-ƙas. Wadda ta kama da wuri takan daure ta riƙe haskenta ko da wutar ta yi rauni.

Guda shida ne. Baba ya sa aka ɗaura su lokacin da ya gina gidan a ƙarshen shekarun 1970, yana aikin gwamnati: biyu a falo, ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a ɗakin Hajiya, ɗaya a baranda mai kallon tsakar gida, ɗaya a zaure. Kowacce ƙafa huɗu ce, a maƙale cikin dogon gidan ƙarfe mai farin fenti. Tun 1938 kamfanin General Electric ya fito da irinta kasuwa a Amurka, amma a layinmu bayan shekara arba'in shaidar gidan mai albashi ce. Sauran gidaje ƙwan gulob mai wat 60 suke ratayawa a bakin waya, ga jan haske ga zafi, shi ya sa yaran maƙwabta kan taru a zaurenmu da alluna da littattafan boko bayan isha'i.

Kula da fitilun aikin yara maza ne. Mun iya hawa kujera mu murza sitata hagu da dama har ƙwan ya kama. Mun gano cewa da zarar ya kama sitata ta gama aikinta, saboda haka in ta wani ɗaki ta mutu sai a zare ta falo a kai can, sitata ɗaya ta zagaye gida a dare guda. Ƙwan da bakinsa ya fara baƙi mun san kwanansa ya kusa ƙarewa. Warin cok in ya ƙone, wani wari na kwalta da roba da kan kwana bai bar ɗaki ba, ko yau na ji shi zan gane. Ƙugin cok ɗin kuwa kunnenmu ya daina ji, sai an ɗauke wuta ne mutum ke lura ashe akwai abin da ke ta zuuu a bisa kansa. Ƙwayayen enaji masu murɗe suka zo, muka sa su a banɗaki da kicin, amma Baba bai yarda a taɓa dogayensa ba. Ƙwai ya mutu a sayo wani, daga mai kauri na wat 40 aka koma siriri na wat 36, cok ya ƙone a canza, ƙarfen dai yana nan inda aka ɗaure shi.

Batir ne ya kawo ƙarshen tsohon tsarin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa sai in an yi baƙi. A Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wuta na masu rukunin farko naira 225 kowane yunit. Layinmu ba ya cikin rukunin, amma maganar ta sa kowane magidanci ya fara ƙirga abin da ke cin wuta a gidansa. Sai ƙanena da ke Abuja ya aiko aka sa wa su Baba faranti biyu na sola da ƙaramar inbata da batir ɗaya mai bolt 12, amfiya 200. Tun kafin tsakar dare inbata ke fara kukan batir ya yi ƙasa. Fitilun kuma suka sauya murya, ƙugin ya koma mai kaifi, domin wutar ƙaramar inbata ba ta da santsin ta layi, cok kuwa ba ya shiri da ita.

Na ɗauki biro. Wat 36 aka rubuta a jikin ƙwan, amma cok da kansa yana shanye wajen wat 9 ya mai da su zafi, wato kowace fitila kusan wat 45 take ja. Shida sun zama 270. Batir irin namu, in ana son ya yi ƙarko, rabin abin da ke cikinsa ake taɓawa, kimanin yunit ɗaya da 'yan kai. Fitilu kaɗai za su cinye wannan cikin awa huɗu da rabi, ba a sa fanka a lissafi ba. Sandar LED mai wannan tsawon wat 18 ce. Shida 108, batir ɗin zai riƙe su awa goma sha ɗaya.

Ƙanena ya ce ta waya a ɓalle ƙarafan a zubar, a manna 'yan faifan fitila na zamani a silin. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ƙarfen ne ke shan batir ɗin?" Aka ce a'a. Ya ce, "To ku cire abin da ke sha, ku bar mini ƙarfena." Muka kira mai gyaran wutar unguwa, wani dattijo da kowa ke ce wa Injiniya. Ya ƙwanƙwasa gidan fitilar falo da gindin tasta, ya ce, "Alhaji ya fi ku gaskiya. Wannan in ba tsatsa ba babu abin da zai ci shi. Abin da ke ciki za mu fitar, wurin zaman ƙwan bai canza ba." Haka ne kuwa: sandar LED an ƙera ta ne da ƙafafu biyu a kowane baki, tazarar milimita 13 tsakaninsu, daidai da na tsohon ƙwai, don ta zauna a holdar da ta tarar.

Bai bar ni na je kasuwar Sabon Gari ni kaɗai ba, ya haɗa ni da yaronsa. Mai shago ya tambaye mu, "Oga, mai kai ɗaya ko mai kai biyu?" Yaron ne ya amsa: mai kai ɗaya. A hanya ya yi mini bayani. Wata sandar ta baki ɗaya take karɓar wuta, layif a ƙafa ɗaya, nutural a ɗaya ƙafar, har za ka ga an buga L da N a wurin, ɗaya bakin kuwa riƙo kawai yake yi. Wata kuma layif ta wannan baki, nutural ta wancan. Maigidansa ba ya son ta biyun, musamman mai araha, saboda in mutum ya sa baki ɗaya a holda da wuta a kunne, yatsansa na kan ƙafafun ɗaya bakin, tana iya jan sa yana bisa tsani. Ya riƙa ɗaukar sanduna yana jinjinawa a hannu. Mai bayan alminiyum ya zaɓa, ya ce alminiyum ɗin ke kwashe zafi. Wata da aka rubuta wa wat 40 a kwali, shafal da ita, kuɗinta bai kai rabin na sauran ba, ya mayar wa mai shago ba tare da ya ce komai ba. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Araha ba ta ado," ya gwada mana kowace sanda a allon gwaji kafin ya ɗaure.

Ranar aikin, kafin Injiniya ya taɓa tsani sai da ya kashe babban makunni, ya zare fis ɗin kat'awut ya jefa a aljihun rigarsa, sannan ya je ya kashe inbata da hannunsa. Na ce ai tun safe babu wuta. Ya ce, "Malam, wuta ba ta sallama in za ta dawo. Inbata kuma ita ke yaudarar mutane yanzu, ka ga layi a mace ka saki jiki, alhali gida a raye yake." Duk da haka sai da ya dangwala tasta a kowace waya.

Ya juya tsohon ƙwan ya zare, ya miƙo mini, ya kwance murfin. Ƙurar hunturu ta shekaru ta zubo masa a hula, da fukafukan ƙwari da gidan zanzaro guda biyu da suka bushe. Ga cok nan a kwance, baƙin dunƙulen ƙarfe mai nauyi, fentin da ke kewaye da shi ya yi ruwan toka saboda zafi. Yana kwance sukurori yana koya wa yaronsa, ni ina riƙe da tsani ina tsintar abin da ban taɓa tambaya ba duk hawan kujerar da na yi. Cikin ƙwan akwai iskar agon da ɗan ɗigon zaiba, wato makyuri, a kowane baki kuma akwai siririyar waya irin ta gulob. In an kunna, wuta kan bi ta cok ta shiga wayar baki ɗaya, ta ratsa sitata, ta fita ta wayar ɗaya bakin. A cikin sitata akwai ɗan ƙarfe da zafi ke lanƙwasawa. Ya haɗe, wayoyin su yi zafi. Ya huce ya saki, sakin nan ne ke sa cok ya yi harbin ɗaruruwan bolt da ke ratsa iskar daga baki zuwa baki. Daga nan cok ya koma mai riƙe linzami, don in ba shi wutar za ta yi ta ƙaruwa har ƙwan ya hallaka. Hasken da tururin zaiba ke bayarwa ido ba ya ganin mafi yawansa, farar hodar da aka shafe cikin gilashin ita ke karɓa ta mai da shi fari. In wutar layi ta yi ƙasa, ƙwan ba ya kamawa, sitata ta sake gwadawa, ta kuma sakewa. Ƙyaftawar da muka girma muna kallo ke nan.

Sandar LED ba ta bukatar cok ko sitata. A cikin bakinta akwai ɗan allon lantarki da suke kira direba, shi ke karɓar bolt 230 na layi ya daidaita wa 'yan ƙwayoyin hasken abin da suke so. Yaron ya tuna wa maigidansa cewa akwai sandunan da ke zuwa da sitatar bogi, a zare tsohuwa a sa ta, a bar cok a wurinsa, minti biyu an gama. Injiniya ya ce wannan aikin mai sauri ne da ba ya son a sake kiransa da sunan kirki. Cok ɗin zai ci gaba da lasar wuta ko da kaɗan ce, ranar da ya mutu kuma fitila ta mutu da shi, a zagi sandar da ba ta yi laifi ba.

Sai ya sa filaya. Ya datse wayoyin cok biyu, ya kwance shi ya miƙo. Ya cire gidan sitata da wayoyinsa. A fitilun falo akwai kafasita, ita ma ya fitar. Abin da ya rage a dogon ƙarfen nan bai taka kara ya karya ba: holda biyu da wayoyi uku da suka sauko daga silin. Jar waya, layif, ya kai ta ƙafa ɗaya ta holdar dama, baƙar waya, nutural, ya kai ta ɗaya ƙafar. Holdar hagu ya bar ta babu waya ko ɗaya. Koriyar waya ta ƙasa ya kankare tsatsar wurin da take ɗaure a jikin ƙarfen ya sake matse ta, ya ce ita ce mai ceton wanda ya taɓa ƙarfen ranar da layif ta goge. Kafin ya rufe ya auna ƙafafun holdar biyu da mita don ya tabbatar ba a haɗe suke ta ciki ba, domin akwai holdar da ake yi a haɗe, in aka ba ta layif da nutural fis ne zai tashi nan take. Holda uku sun gasu da zafin shekaru, suna taɓuwa suka ruguje a hannunsa, ya canza su. Mahaɗar waya kuma bai yarda da murɗawa da salatef ba, kanekta mai sukuru ya sa.

Abu na ƙarshe, ya ciro maka ya rubuta a cikin kowane ƙarfe da manyan baƙaƙe: LED KAWAI, BABU COK, ya ɗaura jan salatef a bakin da ke da wuta. Ya ce wa Baba, "Alhaji, a gaya wa yara, duk wanda ya maido tsohon ƙwai nan, siririyar wayarsa za ta sha bolt 230 kai tsaye, ƙara za ku ji." Ya mayar da fis, ya tayar da inbata, ya ce wa Hajiya ta danna makunni. Haske ya cika falo tun yatsanta bai bar wurin ba. Ta dubi sama ta ce, "Au, ita wannan ba sai an lallashe ta ba?"

Da dare sai ga wani sabon al'amari. An kashe fitilar ɗakin Hajiya, amma sandar ba ta mutu sarai ba, wani fatsi-fatsin haske ya rage a jikinta, mai isa mutum ya ga tsawonta a duhu. Jikokin da ke kwana a ɗakin suka ce su ba za su kwanta ba. Da safe Injiniya ya ji labari, bai ko hau tsani ba, makunnin bango ya buɗe. Wanda ya yi wayarin ɗakin tun farko ya sa makunni a kan nutural ne maimakon layif. Fiye da shekara arba'in ke nan layif na zaune a cikin fitilar dare da rana, a kunne ko a kashe. Tsohon ƙwai bai taɓa tona asirin ba, saboda 'yar wutar da ke ɗiga ta jikin wayoyi ba ta isa ta motsa shi ba. LED kuwa ɗan kaɗan ya ishe ta ta yi ƙyalli. Ya sauya wayoyin a akwatin mahaɗa, sannan ya bi sauran makunnan gidan ɗaya bayan ɗaya. Ni dai tunanina ya tafi ga yawan hawa kujerar da muka yi a ɗakin nan, muna murza sitata da hannu, mun kashe makunni mun ɗauka mun tsira.

Baba ne ya fara kawo ƙorafi. Ya ce hasken ɗakinsa ya yi fari fat har yana ɗaukar ido in yana karatun Alƙur'ani da asuba, silin kuma ya yi duhu. Duka biyun yana da gaskiya. Sandunan da muka sayo masu lamba 6500 ne, farin da ke karkata zuwa shuɗi, aka canza masa da mai 4000, wadda ta fi taushi. Shi kuwa silin, tsohon ƙwai ta kowane ɓangare yake haskawa, sama da ƙasa, sandar LED kuwa ƙasa take kallo. A lissafin haske gaba ɗaya ma sabon ƙwan wat 36 ya fi sandar wat 18, mai lumen 1,800 a kwalinta. Abin da ya sa ake ganin kamar ta fi shi, duk abin da take da shi a kan tabarma take zubewa. Ƙwarin damina sun ragu a baranda, tsakokin da ke fakon su a bayan ƙarfen suka nemi wani wuri.

Akwai wata asara da ba mu hango ba, Hajiya ce ta gano ta. A da fitilar baranda ce ma'auninta: in ta ga tana ƙyafce-ƙyafce ta san wuta ta yi rauni, sai ta zare firji kafin injinsa ya ƙone. Sabbin sandunan an rubuta a kwalinsu suna aiki daga bolt 85 zuwa 265, saboda haka ko wuta ta faɗi warwas haskensu garau yake. Ranar da ta ji firji na gurnani yana kasa tashi alhali gida fes da haske, ta ce fitilar nan maƙaryaciya ce. Aka sayo mata ɗan mita mai jajayen lambobi da ake sokawa a soket. Yanzu shi take leƙawa, in ya nuna ƙasa da 180 ta zare firji. Ni a ganina wannan ya fi, amma ta daɗe tana ɗaga kai sama kafin ta tuna.

Cok shida da kafasitoci ɗan gwangwan ya auna ya saya saboda wayar tagullar da ke ciki. Ƙwayayen kuwa ko kallonsu bai yi ba. Muna yara mukan tsince su a bola mu fasa a jikin katanga don mu ji ƙara mu ga farar ƙura ta tashi, babu wanda ya taɓa ce mana akwai zaiba a ciki. 'Yan miligiram ne a kowane ƙwai, amma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiya, tururinta kuma shaƙarsa ake yi. Garin Minamata na Japan, inda aka gano a 1956 cutar da zaibar wata masana'anta ta jawo wa masunta da iyalansu, shi ya ba da suna ga yarjejeniyar duniya ta 2013 kan wannan sinadari, Najeriya kuma na cikinta. A taron ƙasashen yarjejeniyar a Janiba a 2023, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, aka amince a daina ƙera dogayen fitilun nan da fataucinsu tsakanin ƙasashe zuwa ƙarshen 2027. Namu shida na zura su cikin kwalayen sabbin sandunan, na ɗaure, na ɗora a saman kabad ɗin sito inda hannun jikoki ba ya kaiwa.

Da zafin bazara ya zagayo, sandar baranda ta fara rawa, daga baya ta mutu. Awa 30,000 aka yi alkawari a kwali, ko kusa ba ta kai ba. Baba ya ce a zamanin tsohuwa ana sanin abin da ya lalace a canza shi da 'yan kuɗi kaɗan, wannan kuwa sai dai a jefar da ita ɗungurungum. Injiniya ya yarda da shi. Yaronsa ne ya ce a ba shi ya gani. Ya ɓalle murfin bakin, ya zaro direban, ya nuna mana wata 'yar kafasita da kanta ya kumbura. Baranda ƙarƙashin kwano take, a Kano kuma Afrilu kan wuce digiri 40, irin wannan kafasitar kuwa kowane ƙarin digiri 10 na zafi raba kwananta biyu yake yi. Ya zaro siririn allon da 'yan ƙwayoyin ke jere a kai yana duba ko akwai mai baƙin tabo, don a jere wuta ke bin su, ɗaya ta ƙone sai ta kashe 'yan uwanta. Duk rawaya ne, lafiya lau. Na tambaye shi me ya sa rawaya alhali haskensu fari ne. Ya ce a ƙarƙashi shuɗi suke bayarwa, rawayar hoda ce aka shafa a kai take gauraya shi ya fito fari. Shuɗin nan shi ne wanda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, 'yan asalin Japan, suka samar a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014 saboda shi. Injiniya ya ce, "Ashe dai har yanzu hoda ce ke aikin."

Yaron ya ciro ƙarfen soda irin na masu gyaran waya, ya narke ƙafafun kafasitar, ya sa wata da ya ciro daga matacciyar caja, ya mayar da murfi. Injiniya ne ya riƙe masa tsani wannan karon. Sandar ta kama. Ya karɓi kuɗin shayi, ya tambayi Baba ko maƙwabta na da matattun sanduna da suke shirin zubarwa, a ce su ajiye masa.